Ranar da Na Ɗora Rasuwar Baba a Shafina

Ni mutum ne mai son taɓe-taɓe. Tun ina yaro ba a ajiye rediyo a gidanmu ta yi mako guda da lafiyarta. Sai na kwance ta na leƙa cikinta, in na tashi mayarwa kuma a tarar da ragowar noti biyu ko uku a kan tabarma. Mahaifiyata ce ta fara kirana Injiniya, ba kuma don yabo ba, sunan ya bi ni har yau da furfura ta fara leƙowa a gemuna. Da manyan wayoyi suka shigo gari sai ciwon nawa ya sami wurin zama. Duk wata sabuwar manhaja da aka fito da ita, ni ne zan fara saukewa a unguwarmu, in kwana biyu ina tona ta, sannan in bi mutane ina yi musu bayanin da ba su tambaye ni ba.

Aikina na ofis ne, shigar da takardu a kwamfuta daga Litinin zuwa Juma'a. Asabar kuwa tawa ce. Da na karya sai in cika waya da caji, in ɗauki hula, in shiga lungunan cikin birni a ƙafa. Daga wajenmu, kusa da Ƙofar Kuyambana, nakan gangara har Limancin Kona, ina ɗaukar hoton tsofaffin zaurukan ƙasa masu zane a goshi, da zankwayen saman soraye da ruwan sama ya cinye rabinsu, da ƙyamaren katako masu ƙusoshi. Wata Asabar ɗin in hau babur in tafi Wusasa in ɗauki tsohon cocin nan na ƙasa, in dawo ta gindin dutse. Da yamma sai in zauna in tace hotunan in ɗora a shafina. Yawancin masu bin shafin 'yan garinmu ne da aiki ya kai su nesa. Mutum yana can Legas ko Fatakwal, ya ga lungun da ya yi wasan ƙasa a ciki, sai ya rubuto mini, "Wayyo gida." Wannan kalma ita ce ladata, kuma na kamu da sonta fiye da yadda ya kamata.

Shafukan nawa uku ne a wurare daban-daban, ga kuma guruf ɗin unguwa wanda ni na buɗe shi. Na gaji da ɗora abu ɗaya sau huɗu, sai na samo wata dabara na haɗa su. In na ɗora a ɗaya, sauran su ɗauka da kansu nan take. Ranar da abin ya fara aiki na yi ta murna kamar an yi mini ƙarin girma, har matata ta ce in na gama in zo in haɗa mata fankar da na kwance tun watan jiya.

Gidan da ke kallon namu gidan aminina ne. Tare aka yi mana kaciya, tare muka yi makarantar allo da ta boko, sai shi ya sami aiki a wata ma'aikata a Abuja ya tafi da iyalinsa. Mahaifinsa maɗinkin manyan riguna ne, irin na hannu, wanda riga ɗaya kan ci wata uku a cinyarsa. Baba nake ce masa, don ban san wani suna da zan kira shi da shi ba tun da na buɗe baki. Kullum yana zaune a zaurensa ta inda haske ke faɗowa, da tabarau mai ƙafa ɗaya, ɗayar ƙafar zare ne ya ɗaura ya zagayo da shi bayan kunne. Wata Asabar na roƙe shi in ɗauke shi hoto. Ya ce, "Ɗauki rigar, ka bar tsohon." Na ce to. Na ɗauki rigar, na haɗa da tsohon. Hoton ya fito fiye da duk wanda na taɓa ɗauka, amma ban ɗora shi ba, na ajiye.

Da aminin nawa ya zo hutun Sallah ya yi mini ƙorafi cewa hotunana suna wuce shi, sai an kwana biyu yake gani. Na karɓi wayarsa na kunna masa ƙararrawar shafina, yadda duk abin da na ɗora zai faɗo masa a fuskar waya da ƙara. Na kuma ga yana ajiye wayar a cinya in yana tuƙi, sai na sayo masa ɗan maƙalin nan na manna masa a gaban mota, daidai saitin idonsa. Da hannuna na yi duka biyun.

Baba ya rasu wata Talata da hantsi, cikin tsakiyar bazara. Ya ɗan jima yana fama da numfashi, amma ko jiyan ranar na gaishe shi ya amsa. Ina shirin fita ofis na ji salatin mata ya tashi daga cikin gidansu, irin wanda ba ya bukatar a yi maka bayani. Na ajiye jaka na tsallaka. Kafin wani lokaci an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta sun fara taruwa. Wanda ke riƙe da al'amarin shi ne ƙanin marigayin, wanda duk muke kira Baffa, tsohon hedimasta, mutum mai kaifin ido da ƙarancin magana. Ko da na girma na yi aure, in ya dube ni sai na ji kamar ban yanke farce ba.

Na yi ɗan abin da zan iya. Na ɗebo ruwa, na ɗauko benci daga gidanmu, na kira ofis na ce ba zan zo ba. Daga nan sai na rasa abin yi, na koma gefen zaure na tsaya, ina kallon wurin zamansa da allurar da ke soke a jikin rigar da bai gama ba. Zuciyata ta karye ƙwarai, wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar kuma wadda na daɗe ban faɗa wa kowa ba: na tuna ina da hoton da babu mai irinsa, kuma ban so wani ya riga ni. Na ciro waya, na nemo hoton, na rubuta Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na rubuta cewa Allah ya yi wa Baba rasuwa yau da safe, za a yi jana'iza bayan azahar. Har na tsaya na gyara wata kalma don ta fi daɗin karantawa. Na danna, na mayar da wayar aljihu. Ko sau ɗaya aminina bai faɗo mini a rai ba. In ma ya faɗo, ɗauka na yi ai shi aka fara gaya wa.

Ban fi minti ashirin da zama a kan tabarma ba sai Baffa ya fito daga cikin gida, ya tsaya a bakin zaure ya ɗan ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, don Allah kada wanda ya kira yaron nan. Na yi magana da shi tun da safe, na ce masa jikin Malam ya ɗan motsa, ya taho a hankali. Shi yake tuƙa kansa, kuma shi kaɗai ne a motar. A bar shi ya iso tukuna."

Mutane suka ce, "Haka ne, Allah ya kawo shi lafiya." Ni kuwa sai na ji wani sanyi ya taso mini daga tafin ƙafa, a cikin wannan zafin.

Na san wannan al'ada kamar yadda na san hanyar gidanmu. A wajenmu ba a gaya wa na nesa mutuwar nasa ta waya, balle yana kan hanya. Cewa ake yi jiki ya yi tsanani, ko ana son ganinka. Shi ma wanda aka gaya wa yakan yi zargi, amma zargi daban, sani daban. Wannan ɗan kokwanton shi ke riƙe masa hannu da ƙafa har ya iso, sannan wani babba ya tare shi a ƙofa, ya kama hannunsa, ya gaya masa yana kusa da inda zai zauna. Ni kaina an yi mini. Lokacin da mahaifina ya rasu ina makaranta a Kano, kuma Baban nan da ke kwance a ciki shi ya aika a ce mini mahaifina na nemana, shi ya tare ni a bakin lungu ya riƙe ni. Duk na san wannan, amma ban taɓa haɗa shi da abin da nake yi da waya ba.

Na tashi kamar zan kewaya, na shige bayan gidanmu na ciro wayar. Na goge sanarwar daga shafin farko. Na shiga na biyu, tana nan daram, domin dabarar tawa ta iya watsawa amma ba ta iya janyewa ba, abin da ban taɓa gwadawa ba ke nan. Sabis ya yi ƙasa, ɗan da'irar nan ya yi ta juyawa, ina tsaye ina roƙonsa kamar mai ji. Kafin in goge na uku mutane sun riga sun ɗauki hoton rubutun sun tura guruf ɗin tsofaffin ɗalibai da na 'yan unguwa mazauna waje. Ana ta rubuta Allah ya jiƙansa, wasu har suna maƙala sunan aminina a ƙasa don ya gani da wuri.

Akwai wurin da ke nuna waɗanda suka buɗe abin da ka ɗora. Na daɗe ina kallonsa kafin in taɓa. Na ja jerin a hankali, ina addu'a, fuskoki ƙanana suna wucewa. Tasa tana can kusa da ƙasa, cikin mutum goman farko, da hular da ya sa ranar Sallah. Ya gani tun ƙarfe goma da 'yan mintuna.

Na kira shi. Ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira, sai muryar matar nan ta ce wayar a kashe take. Na sake, na sake, amsar ɗaya ce.

Na tsuguna a gindin bango na yi lissafi. In ya taso wajen takwas da rabi, ƙarfe goma yana tsakiyar dajin nan kafin Kaduna, inda manyan motoci ke gudu kamar an koro su. Na san tuƙinsa, ba ya wasa da totur ko da lafiya lau. Na ga wayar a maƙale a gabansa inda na manna ta, na ji ƙarar da na zaɓa masa, na ga fuskar Baba ta faɗo masa a saitin ido yana kan gudu. Daga nan tunanina ba ya wucewa, sai ya dawo farko ya sake. Tsoro irin wannan ban taɓa jin sa ba.

Na kira matarsa. Na shirya zan ce mata ina son in ji ko ya taso ne kawai, wato ni ma zan yi irin ta Baffa, amma tana ɗauka na ji kuka. Ta riga ta gani a wani guruf.

"Injiniya, da gaske ne? Ya fita tun tara saura, ko karyawa bai yi ba. Ina ta kira a kashe. Kun yi magana da shi?"

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, wataƙila caji ne ya ƙare. Na san ƙarya nake, domin cajar motarsa ma ni na saya masa.

Saura in gaya wa Baffa. Na fi minti goma ina kai-kawo tsakanin ƙofarmu da tasu. Da na ga ya keɓe yana magana da mai kawo likkafani, na jira ya gama, na je na durƙusa a gabansa.

"Baffa, na yi ɓarna."

"Wace iri?"

"Na ɗora rasuwar a waya tun ɗazu. Ban san ba a gaya masa ba."

Ya cire tabaransa ya riƙe a hannu.

"Ya gani?"

"Ya gani, Baffa."

"Kai ka ga ya gani, ko zato kake yi?"

"Wayar tana nunawa."

"To tana nuna maka inda yake yanzu?"

"A'a. Tasa a kashe take."

Na so ya zage ni. Da ya ɗaga hannu ya kwaɗa mini mari a gaban mutane da na ji sauƙi. Sai kawai ya mayar da tabaran ya ce, "Kada uwarsa ta ji wannan. Abin da ke kanta ya ishe ta." Ya juya ya koma wajen baƙi yana amsa gaisuwa, amma na lura tun daga lokacin duk ƙarar motar da ta taso daga bakin titi sai ya ɗaga kai.

Wajen sha biyu wani ya turo hoto a guruf ɗin unguwa, wai hatsari yanzu-yanzu a hanyar Kaduna, a yi addu'a. Mota ce ruwan toka, irin launin tasa, ta kife a gefen titi, mutane sun kewaye ta. Na shiga zauren gidanmu na zauna a ƙasa, na buɗa hoton da yatsu biyu har ya dagule, ina neman lamba, ina neman tabon da ke bayan motarsa. Ba a ganin komai. Na yi ta jan hoton sama da ƙasa, sai idona ya sauka a kan ciyawar gefen titin. Kore ce shar, har gwiwar mutanen. A bazara babu irin wannan ciyawa ko'ina a ƙasar nan, hoton damina ne, tsoho, wani ya tono shi ya turo. Na yi ajiyar zuciya, na ji haushi ya taso mini, har na fara rubuta wa wanda ya turo baƙar magana a kan masu gaggawar watsa abin da ba su tantance ba. Na kai rabi na tuna ko ni wane ne a ranar, na goge.

Sauƙin bai daɗe ba. Wannan ba motarsa ba ce, amma hakan bai gaya mini inda tasa take ba.

Ƙarfe ɗaya ya kamata ya iso. Ɗaya ta yi, ta wuce. An yi wa Baba wanka, an suturta shi, aka kira azahar. Bayan an idar na ga Baffa ya matsa kusa da liman suna magana ƙasa-ƙasa. Liman ya dubi sama, ya dubi zauren da gawar take, ya ce za a jira zuwa la'asar, amma ba za a wuce haka ba saboda zafin nan. Aka sanar. Mutanen da suka baro kasuwa da ofis suka koma suka zauna. Zuwa lokacin maganar ta zaga, na san ta zaga, don in na wuce sai hira ta tsaya. Wani dattijo da ban ma san shi sosai ba ya bi ni da kallo ya girgiza kai, ya ce, "Yaran zamani." Shekarata arba'in da ɗoriya a lokacin.

Zaman ya gagare ni. Na hau babur na fita ta Ƙofar Kuyambana, na bi ta Wusasa har bakin babban titin da ke shigowa daga Kaduna. Na kafe babur ɗin a rana na tsaya ina duban motoci. Ban taɓa sanin motoci ruwan toka suna da yawa haka ba. Kowace ta ɓullo sai gabana ya faɗi, ta matso in ga ba ita ba ce. Wata motar asibiti ta wuce da jiniya, na bi ta da ido har ta ɓace. A wurin na yi wa Allah alkawura iri-iri. Na ce in ya dawo da shi da rai zan rufe shafukan, zan koma ƙaramar waya mai tocila. Ina cikin alkawarin ma hannuna yana kan wayar ina sake kira. Na fara tunanin abin da zan ce wa matarsa, da 'ya'yansa uku, da tsohuwar da ke cikin gida wadda ta rasa miji da safe. Har na ga kaina ina bin makara biyu a rana ɗaya, na yi saurin tofar da yawu na nemi tsari.

Da rana ta karkata na koma. An yi la'asar, aka fito da Baba aka ajiye a gaban masallaci. Liman ya dubi Baffa. Baffa ya dubi bakin lungu, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "A yi masa salla." Muryarsa ba ta yi rawa ba, amma na ga yadda ya damƙe bakin rigarsa.

Aka sallace shi aka ɗauka. Na sa kafaɗata a makarar na yi 'yan taku, sai na ji waya ta motsa a aljihuna. Na zame na ba wani wuri, na ciro ta da sauri. Saƙon ta'aziyya ne daga wani a Legas, yana yaba hoton. Muka isa maƙabarta ina can ƙarshen ayari. Daga bakin shiga akwai wani ɗan tudu kusa da katanga, na ga sabis ya fi ƙarfi a nan, sai na tsaya. Jama'a suka wuce can ciki suka yi da'ira, ba na hango komai sai bayan riguna. Ina jiyo ƙarar itatuwa da ake jerawa, da muryar masu cewa a miƙo ƙasa, a kawo ruwa, ni kuwa ina kira, matar nan tana gaya mini a kashe take. Ban zuba ko tafi ɗaya na ƙasa ba. Da na ga an shafa fatiha mutane sun juyo, na bi na gaba-gaba na fito, don in riga su isa gida ko an sami labari.

Babu labari. Aka koma kan tabarmi aka ci gaba da karɓar gaisuwa. Na zauna can gefe inda ba mai ganina sosai.

Wajen biyar da rabi wani ɗan acaɓa ya shigo lungun a hankali, yana kauce wa tabarmi. A bayansa aminina ne, ba hula, rigarsa ta jiƙe da gumi ta manne masa a baya. Ya sauko da ƙafafunsa. Na dube shi daga sama har ƙasa ina neman jini ko bandeji, babu. Na sa fuskata a tafin hannu na yi kukan da ban yi wa Baba ba tun safe.

Baffa ya miƙe ya tare shi a tsakiyar lungu, ya kama hannunsa da hannu biyu, kamar dai babu abin da ya faru, ya ce, "Sai haƙuri. Malam ya riga mu gidan gaskiya."

"Na sani, Baffa. An kai shi?"

"An kai shi. Mun jira ka har la'asar."

Ya gyaɗa kai. Baffa ya tambaye shi ina motar. A taƙaice ya ba da amsa, idonsa a ƙasa. Ya ce yana cikin tafiya abin ya faɗo a waya, bai san yadda aka yi ya tsinci kansa a ɗaya hannun titin ba, Allah ya sa babu mota a lokacin. Ya lallaɓa ya tsaya a wani gidan mai. Kafin ya dawo hayyacinsa kira ya fara shigowa, wannan na bin wannan, kowa na yi masa ta'aziyya, sai ya kashe wayar ya jefa a ƙarƙashin kujera. Da ya ce zai ci gaba, ƙafarsa ta ƙi tsayawa a kan totur, rawa kawai take yi. Ya zauna a wurin bai san iya lokacin ba. Daga baya ya bar motar a wajen mai gadin gidan man, da wayar a ciki, ya tsaya bakin titi har ya sami ta haya, ita kuma ta tsaya lodi a Kaduna.

Bai dube ni ba. Ya shiga wajen mahaifiyarsa, muka ji kuka ya sake tashi a ciki. Bai daɗe ba ya fito ya ce wa Baffa yana son ya je ya ga wurin kafin magariba. Baffa ya waiwaya, idonsa ya sauka a kaina.

"Injiniya, tashi ka kai shi."

Na tayar da babur, ya hau baya. Mun yi wannan hawan sau ɗari, kullum yana dafa kafaɗata yana tsokanata cewa tuƙina na tsofaffi ne. A ranar nan kuwa ƙarfen baya ya riƙe. Mun yi nisa kafin in iya buɗe baki.

"Don Allah ka yafe mini. Wallahi ban san ba a gaya maka ba."

Can ya ce, "Tun da Baffa ya kira ni na san ba gaskiya ya faɗa mini ba. Amma ina tafe ina cewa wataƙila. Da ka bar mini wataƙilar nan, da na iso."

Na ci gaba da tuƙi.

Maƙabartar ba kowa, mai gadin ma ya tafi alwala. Na kafe babur a bakin katanga, na shige gaba, na nufi ɓangaren da na ga jama'a sun taru ɗazu, yana biye da ni. Da muka isa sai na tsaya cak. Sababbin kaburbura uku ne a jere, kusan tsawonsu ɗaya, ƙasar kowanne da sauran danshi, kowanne an ɗora masa reshen ƙaya. Ashe ba mu kaɗai muka kawo mutum ba a ranar. Na duba sawun ƙafafu, sun cika ko'ina. Na waiwaya na dubi tudun da na tsaya, ina ƙoƙarin auna daga can inda da'irar take, na kasa.

Ya matso ya tsaya kusa da ni.

"Wanne ne?"

Ina iya nuna na tsakiya, ba zai taɓa sani ba a lokacin, har hannuna ya ɗan ɗaga. Na sauke shi.

"Ban sani ba."

A nan ne ya dube ni, karo na farko a ranar. Ba fushi na gani a idonsa ba, gajiya ce. Ya juya, ya tattare rigarsa, ya tsuguna a gaban na farko, ya ɗaga hannuwansa ya fara addu'a daga nan.